Amsoshin Tambayoyinku: Ragowar Hatsin Tantabaru Zai Yi Taki?

Wani mai karatu daga Argungu ya rubuto cewa yana kiwon tantabaru a bayan gida, kuma yakan watsa wa kurciyoyi gero da safe. Ruwan damina ya taɓa masa rabin buhun gero har ya yi fumfuna. Da ya zuba ragowar a bolar da yake tara taki, sai ya ga wurin ya tsiro kore shar. Tambayarsa ita ce: hatsin tsuntsaye yana yin taki kuwa, ko ɓata aikinsa ya yi?

Ɗana, ka kwantar da hankalinka, ba ka ɓata komai ba. Amma bari in fara da abin da ya fi gaggawa. Geron nan da ya yi fumfuna, kada ka ba tantabarunka ko kaji, ko da ka shanya shi ya bushe. Wasu nau'o'in fumfuna suna barin guba a jikin hatsi, wadda masana ke kira afulatoksin. Tana lalata hanta, kuma rana ba ta kashe ta. Ramin taki ne wurinsa.

Tsiron da ka gani kuwa alama ce cewa tarin naka bai ɗauki zafi ba. Ƙwayar gero iri ce mai rai, ta samu laima da ƙasa mai kyau, me zai hana ta fitowa? Mutane da yawa suna zaton taki shara ce da aka jibge aka manta da ita. A gaskiya wasu ƙananan halittu ne da ido ba ya gani suke cin kayan, kuma cin nan nasu ne ke haifar da zafi. Idan haɗin ya yi daidai, cikin tarin yakan kai digiri 55 zuwa 65, kuma zafin nan yana kashe yawancin irin hatsi da na ciyawa.

Abu biyu waɗannan halittu suke buƙata: busasshen kaya da ɗanye. Ku mutanen Argungu Allah ya hore muku na farko. Garin da ke da kamfanin shinkafa na WACOT tun 2017, ga injinan casa a unguwanni, ga kamfanin shinkafa na Labana a Birnin Kebbi, ba za a rasa ɓuntun shinkafa ba. Sai dai ɓuntu yana da taurin kai, yakan daɗe bai ruɓe ba, don haka ka haɗa shi da ƙaiƙayi, busasshen ganye da yankakken kara. Ɗanyen kayan kuma yana ɗakin tantabarunka. Kashin tantabara taki ne mai ƙarfi ƙwarai, har yakan ƙone shuka in an zuba shi kai tsaye, amma a cikin tari shi ne ke hura wutar. Ka yayyafa masa ruwa kafin ka share, domin ƙurarsa ba ta da kyau ga huhu.

Ka shimfiɗa busasshen kaya kamar kwando uku, ka bi da kwando ɗaya na kashin tsuntsaye da ɓawon kayan miya, sannan ka barbaɗa geron a tsakiya, ka rufe. Kada ka bar shi a sama ko ka zuba shi dunƙule guda, nan ne ɓera da gafiya za su mai da wurin kasuwa. Tarin ya kai tsayin ƙugunka. Ruwa kuma daidai misali: ka damƙi kaɗan a hannu ka matse, ya yi laima kamar wankin da aka matse, ba ya ɗiga. Bayan kwana huɗu ko biyar ka soka sandar ƙarfe a ciki, ka bar ta ɗan lokaci, ka zare ka taɓa. In ta yi zafi, aiki ya kama. Kowane mako ka juya da shebur, na gefe ya koma tsakiya. Tsiron da ya riga ya fito ma juyawar nan za ta binne shi ya zama taki. Cikin wata biyu zuwa uku za ka ga ya yi baƙi, yana ƙamshin ƙasar da ruwan fari ya taɓa.

Toka fa, a yi hattara. Na san iyayenmu mata sun saba juye ta a bola, amma in ta yi yawa a kan ɗanyen kashin tsuntsu, ƙarfin takin yakan bi iska, shi ne warin nan mai hawa hanci.

Game da kurciyoyin, ina jin daɗin wannan ɗabi'a taka ƙwarai. Ka riƙa zuba musu abin da za su cinye kafin hantsi, a faifai ko tire, yadda ba za a samu ragowa a ƙasa ba. Kuma kada wani ya tsorata ka cewa kai ke kiran tsuntsayen jan baki zuwa gonakin shinkafa. Su garke-garke suke sauka a fadama, tafin geronka bai ishe su kallo ba. Idan bazara ta kama, watan Maris da Afrilu, ka ajiye musu kaskon ruwa a inuwa, kana sauya ruwan kullum.