Yadda Ake Ratsa Kurmin Gashaka Da Ƙafa

Wanda ya tashi a Kano ko Katsina ko Damagaram, in aka ce masa daji, abin da ke zuwa masa a rai shi ne fili mai sabara da ƙaya da itatuwa jefi-jefi, inda ake hango mai zuwa tun daga nesa. Gandun dajin Gashaka Gumti, wanda ya ratsa jihohin Taraba da Adamawa ya jingina da iyakar Kamaru, wata duniya ce dabam. An kafa shi a 1991, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 6,000, kuma duk Nijeriya babu gandun daji na ƙasa da ya kai shi girma. A kudancinsa akwai kurmi mai duhu a gefen koguna, da kwazazzabai, da tsaunuka, cikinsu har da Chappal Waddi mai mita 2,419, wanda ya fi kowane dutse tsayi a ƙasar nan. Mutum na iya ratsa wurin da ƙafa ya dawo gida lafiya, bisa sharaɗi guda wanda duk sauran shiri ya rataya a kansa: ya shiga ta ƙofa, yana bayan wanda ya san dajin.

Fara da zaɓen lokaci. Daminar wannan yanki doguwa ce, tana kamawa tun wajen Afrilu ba ta saki sai Oktoba ya wuce, kuma ruwanta ya fi ƙarfin abin da aka saba gani a ƙasar Hausa. Rafin da yaro ke tsallakewa a Janairu yana iya tafiya da ƙato a Agusta. Daga Disamba zuwa Maris ne koguna ke janyewa, ciyawa ta kwanta, hanya ta buɗe. Aibin wannan lokaci hazo ne, wanda kan rufe wa mutum tsaunukan da ya sha wahalar zuwa gani, amma hazo ba ya kisa, ambaliya kuwa tana yi.

Wani zai ce: a wannan zamani da dazuzzuka suka zama maɓoyar 'yan bindiga, wane mai hankali ne zai saɓa jaka ya nufi daji da sunan yawon buɗe ido? Tambayar tana kan hanya, kuma wanda ya san abin da ya sami dajin Kamuku a Birnin Gwari ko dajin Sambisa ba zai raina ta ba. Sai dai dazuzzuka ba ɗaya ba ne, kuma ko daji guda halinsa na sauyawa daga wata zuwa wata. Labarin da za ka ji a majalisar unguwa ko a Facebook ba zai gaya maka halin da hanyar Gashaka take ciki a wannan mako ba. Masu sintiri a cikinsa su ne suka sani. Saboda haka mataki na biyu shi ne ka tuntuɓi ofishin hukumar gandun da ke Serti tun kafin ka bar gida, ka faɗa musu ku nawa ne, kwana nawa kuke so, ina kuke son zuwa. In sun ce a dakata, to a dakata, ko da an riga an kashe kuɗi. In sun ce a zo, hanya ita ce Jalingo, Bali, sannan Serti, kuma da rana ake bin ta. Da isarka ka rubuta sunanka, ka biya kuɗin shiga, ka karɓi rasit, a haɗa ka da ma'aikacin gandu. Tun 2017 gidauniyar Africa Nature Investors take aiki da hukumar wajen horar da waɗannan ma'aikata da tsaron dajin. Rubuta sunan nan shi ne zai sa a fita nemanka in ranar dawowarka ta wuce ba a gan ka ba.

Yanzu sai maganar jagora, wadda ita ce zuciyar al'amarin. Matasa da yawa na ganin wayar da ke aljihunsu ta wadatar, tunda tana da taswira. Mafi yawan dajin babu sabis, kuma ko ka sauke taswirar tun daga gida, ba za ta bambance maka turbar mutane da turbar shanu ba, alhali a kurmi su biyun kamarsu ɗaya har sai ka yi nisa. Ba za ta nuna maka mashigin da ake ƙetare kogi bana ba, wanda wataƙila ba shi ne na bara ba. Ba za ta karanta kashin ɓauna ta ce maka ɗanye ne, a sauya hanya ba. Ba za ta kuma yi maka Fulatanci a rugar da za ka nemi wurin kwana a kan tudun Chappal Hendu ba. Da ɗan gari akan ci gari. Mai ƙorafin tsadar jagora da 'yan dako kuma, ya kamata ya dubi inda kuɗin ke zuwa. Jihar Taraba ta ga yadda aka yi wa itacen madobiya kisan kiyashi ana lodinsa zuwa Sin, har a 2016 aka sa shi cikin itatuwan da yarjejeniyar CITES ke sa ido kan cinikinsu. Saurayin ƙauye da ya san dajin nan ciki da bai, ko dai ya ci abinci da saninsa wajen raka baƙi, ko ya ci da shi wajen nuna wa masu injin yanka katako da masu haƙar ma'adinai hanya. A ganina kuɗin jagora shi ne mafi amfanin abin da za ka kashe a tafiyar, a gare ka da dajin baki ɗaya. Ku yi ciniki a gama tun a gari: nawa ne a rana, wa ke ciyar da wa, nauyin kaya nawa kowa zai ɗauka.

Kaya kuma a taƙaita. Takalmi sau-ciki mai ƙarfin ƙasa wanda ƙafarka ta riga ta saba da shi, domin sabon takalmi shi ke fara kayar da matafiyi. Dogon wando da riga mai dogon hannu, launin kaki ko ruwan ƙasa. Ka bar shuɗi da baƙi a gida, don su ne launukan da ke jawo tsando. Gidan sauro, maganin zazzaɓin cizon sauro bisa shawarar likita, gishiri da sukari na haɗa ruwan gudawa, tocila, ashana a cikin leda. Guzuri irin wanda ba ya lalacewa: garin kwaki, ƙuli-ƙuli, kilishi, dabino, shinkafa, ganyen shayi. Kada zafin Serti ya ruɗe ka ka bar rigar sanyi. Duk hawan mita 1,000 yana rage zafi da kusan digiri 6, kuma tsakanin kwarin gandun da ƙololuwar Chappal Waddi akwai kimanin mita 2,000, ga iska, ga raɓa.

Ranar tafiya, a tashi bayan Asuba. Mai lafiya yakan ci kilomita 4 ko 5 a awa a kan shimfiɗaɗɗiyar hanya, amma a kurmi da duwatsu ka lissafa rabin haka, ka kuma ƙara awa guda kan kowane hawan mita 600. Rana na faɗuwa wajen ƙarfe 6, duhu kuwa yana riga ta sauka a ƙarƙashin itatuwa, don haka a yanke lokacin juyawa tun da safe, in ya yi a juya ko an isa ko ba a isa ba. Jagora a gaba, mafi rauni a bayansa, mai ƙarfi a ƙarshe, kuma saurin ayari saurin mafi rauni ne. A bakin kogi ka sassauta igiyar jaka yadda za ka iya yar da ita, ka dogara sanda, ka fuskanci inda ruwa ke fitowa, ka taka inda jagora ya taka. Kowa na bukatar lita 3 zuwa 4 na ruwa a yini, kuma ruwan rafi komai garai-garai ɗinsa a tafasa shi. Ruwa mai kwanciya ba na wanka ba ne, saboda tsargiya. Hukuncin ƙasaru da haɗa salloli kuwa, ka tambayi malaminka tun kana gida.

Kada ka fara da Chappal Waddi. Tafiyar kwanaki ce, ta waɗanda ƙafarsu ta riga ta san tudu. Baƙon farko ya isa ya yi kwana biyu ko uku a kewayen ƙauyen Gashaka. Akwai kufan sansanin sojan Jamus a kusa da ƙauyen, kuma ya cancanci a tsaya a kansa da natsuwa, domin yana tuna mana cewa wannan ƙasa ta kasance cikin Kamarun Jamus har Yaƙin Duniya na Ɗaya, sannan ta koma hannun Ingila, ba ta zama Nijeriya ba sai bayan ƙuri'ar raba-gardama ta 1961, aka kira yankin Lardin Sardauna. Akwai gurbin dorina a kogin Kam, inda ake kallo daga tudu, ba a shiga tsakanin dorina da ruwa. Mai sauran ƙarfi ya nemi izinin zuwa Kwano, sansanin da masu bincike suka daɗe suna nazarin birai. Gwaggon biri ba ya wuyar gani. Biri mai ganga kuwa, wato cimpanzi, sau da yawa sai dai ka ji yana dukan saiwar itace daga nesa ko ka ga sheƙar da ya kwana a sama. In Allah ya sa kun haɗu, ka ja baya, domin murar ɗan Adam tana kama shi, tana iya kashe shi.

Maciji ya fi tsoratar da mutane fiye da komai, kuma rigakafinsa mai sauƙi ne: kada ka sa hannu ko ƙafa inda idonka bai gani ba, ka kakkaɓe takalmi kowace safiya, ka haska tocila in za ka zaga da dare. In an sari wani, kada a tsaga wurin, kada a tsotsa, kada a ɗaure tamau. A cire zobe da agogo, a hana gaɓar motsi, a ɗauke shi a nufi asibiti. Saran kububuwa na iya barin mutum yana hira kamar ba komai alhali jininsa ya daina daskarewa, saboda haka jin sauƙi ba dalilin zama ba ne. A nan ma jagora ne ya san hanya mafi kusa zuwa inda mota ko babur ke isa.

Akwai ƙauyuka da rugage a cikin gandun, kuma masu su ba kayan kallo ba ne. Ka yi sallama, ka gaida mai gari ko arɗo, ka nemi izini kafin ɗaukar hoto, ka sayi nono ko zuma in an taya maka, amma naman daji ko kyauta aka ba ka kada ka karɓa. Wutar girki a kashe ta da ruwa har toka ta yi sanyi, don a watan Fabrairu garwashi ɗaya ya isa ya cinye tudu guda. Ledar da ka shigo da ita ka fita da ita. Kogunan da ke tasowa daga waɗannan tsaunuka su ke ciyar da kogin Taraba, shi kuma ya zuba a Binuwai, manoma da masunta masu ɗimbin yawa na rayuwa a kansu. In ka sauko, ka koma ofishin Serti ka shaida musu ka fito, ka faɗi abin da ka gani na tarko ko sabon sara, sannan ka sallami jagoranka da cikakken haƙƙinsa kafin ka hau mota.