Darasi: Maganar mai taɓin hankali a gaban shari'a

A garuruwa da yawa akwai mace mai taɓin hankali. Wata tana gidan iyayenta, wata a rumfar kasuwa take kwana. Wata rana sai a gan ta da ciki. In ta faɗi sunan wanda ya yi mata fyaɗe, sai a yi dariya, a ce wa zai kama maganar mahaukaciya. Masu wannan ɓarna sun san da haka, shi ya sa suke zaɓen ta.

Dokar hukunta laifi ta Nijar ta 1961, wadda aka gyara a 2003, ta yanke wa mai fyaɗe shekara 10 zuwa 20 a gidan kaso. Ba ta ce sai in matar tana da cikakken hankali ba. A 2008 kuma Nijar ta amince da yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin naƙasassu, wadda ta ce a ba su damar kai ƙara da ba da shaida kamar kowa.

Taɓin hankali iri-iri ne. Wata takan rikice kwana kaɗan, sa'an nan ta dawo daidai. Wata ba ta san ranar mako ba, amma ta san fuskar mutum, ta san gonar da aka ja ta. Saboda haka alƙali ba ya zubar da maganarta. Yakan sa likita ya duba ta, ya faɗi abin da take iya tunawa. Sa'an nan ya auna maganarta da sauran shaidu, domin wanda ake tuhuma shi ma yana da haƙƙin kada a ɗaure shi a kan ƙarya.

Sau da yawa dangi ne suke ɓata shaidar, ba da nufi ba. Uwa ta tambaye ta, goggo ta tambaye ta, maƙwabta su taru. Wani ya ce: "Wane ne, ko?" Ita kuma don a ƙyale ta sai ta ce i. Gobe wani ya kawo wani suna, ta sake cewa i. Ranar shari'a mai kare wanda ake tuhuma zai ce ta faɗi suna biyu, kuma gaskiya ya faɗa. Abin da ya fi, mutum guda da ta saba da shi ya saurare ta a natse. Kada ya sa mata suna a baki. Ya riƙe kalmominta yadda ta faɗe su, ya maimaita wa jandarma. Wanda ya iya rubutu ya rubuta su a ranar.

Kada a wanke zanenta. A kai ta likita kafin kwana 3 su cika: maganin hana kamuwa da sida cikin awa 72 ake fara shi, na hana ciki kuma ba ya wuce kwana 5. Takardar likita shaida ce babba.

Wanda ya ga wani abu, ya faɗi abin da idonsa ya gani. "Na gan shi ya fito daga rumfar da asuba" shaida ce mai nauyi. Alƙali ba ya ɗaure mutum da "an ce".

Maigari yana sasanta rikicin gona da na aure. Fyaɗe ya fi ƙarfin sasantawa da goro ko kuɗi. In an kawo masa wannan magana, sai ya tura ta wurin jandarma.