Yadda Ake Aika Ƙaramar Bindiga ga Mai Saye a Amurka

Wanda ya saba jin labarin yawan bindigogi a Amurka zai ɗauka cewa in mutum ya sayar da fistol ɗinsa, sai kawai ya naɗe ta a kwali, ya rubuta adireshi, ya miƙa a gidan waya. Da can an yi kusan haka. A 1963 Lee Harvey Oswald ya ga talla a mujalla, ya aika dala 21.45 zuwa wani shago a Shikago, aka turo masa doguwar bindigar da ya harbe Shugaba Kennedy da ita. Libarbarsa ma ta oda ya saye ta daga nesa. Bayan kisan Martin Luther King da Robert Kennedy a 1968, majalisa ta yi dokar taƙaita bindigogi, Shugaba Johnson ya sa hannu a watan Oktoba na wannan shekara. Tun daga nan, cinikin bindiga tsakanin mutum biyu da ke jihohi daban-daban ya daina zama cinikin su biyu kaɗai. Dole a sami na uku a tsakani, wato dillali mai lasisin gwamnatin tarayya, wanda kowa ke kira FFL. Kusan duk kuɗin da za a kashe da duk wahalar da za a sha, a kan wannan na ukun suke.

A ce mai sayarwa yana Teksas, mai saye yana Ohayo, sun daidaita a kan dala 500. Abu na farko da mai sayarwa zai tabbatar shi ne jihar da mai saye yake zaune, domin a nan hanya ta rabu. In da jiharsu ɗaya ce, dokar tarayya ta yarda su yi cinikinsu hannu da hannu, muddin mai sayarwa ba shi da dalilin zaton cewa an haramta wa mai saye riƙe bindiga, ko da yake jihohi irin su Kalifoniya da Niyok da Kolorado sun ce ko hakan ma sai an bi ta shago. Tunda jihohin sun bambanta, babu zaɓi. Ba za a aika masa gida ba, ba kuma za su haɗu a kan iyaka a miƙa ba. Fistol sai ta fita daga hannun dillalin da ke jihar mai saye. Wanda ya karya wannan da gangan yana iya shan ɗaurin da ya kai shekara biyar, kuma mai saye da ya karɓa shi ma ya shiga laifi.

Sai kuma a duba ko bindigar da kayanta za su iya shiga jihar da za a kai su. Nan ne mutane da yawa ke tuntuɓe. Kalifoniya tana da jerin sunayen fistol da ta yarda a sayar, kuma wadda ba ta cikin jerin, dillalin can ba zai miƙa ta ga talakan gari ba in daga wata jiha ta zo. Kalifoniya da Niyok da wasu jihohi sun hana gidan harsashi mai ɗaukar fiye da goma, alhali fistol da yawa da gida mai goma sha biyar ko sha bakwai suke fitowa daga masana'anta. A irin wannan hali ana cire gidan a aika bindigar kaɗai. Mai saye a Niyok yana bukatar lasisin fistol tun kafin a fara maganar aikawa, na Ilinoi kuma katin izinin mallakar bindiga na jiharsa. Mai sayarwa mai wayo ba ya dogara da bakin mai saye a wannan batu. Yakan kira dillalin da zai karɓa, ya faɗa masa samfurin bindigar, ya tambaye shi ƙarara ko zai iya miƙa ta.

Mai saye ne ke zaɓar dillalin da ke kusa da shi, ya je ko ya buga waya ya ce yana da kaya a hanya. Dillalin zai faɗi la'adarsa ta karɓa da cika takardu, wadda a yawancin wurare ba ta wuce dala 25 zuwa 50, amma a manyan birane da jihohi masu tsauri takan haura dala 75. Daga nan zai tura hoton lasisinsa ga mai aikawa. Kada a yarda da hoton kawai. Hukumar ATF, mai kula da lamarin bindigogi, tana da shafin intanet da ake kira FFL eZ Check, inda ake sa lambobi uku na farko da biyar na ƙarshe na lasisin, sai ya nuna sunan shagon da adireshinsa da ranar da lasisin zai ƙare. Wannan adireshin za a rubuta a kan kwali, ba wani da mai saye ya turo ta saƙon waya ba. 'Yan damfara sukan ɗauki lasisin gaskiya su canza adireshin da ke kai, kuma dubawar ba ta cin minti biyar.

Batun kuɗi kan zo kafin kaya su motsa. Kamfanin biyan kuɗi na PayPal ya hana amfani da shi wajen cinikin bindiga, kuma yakan rufe asusun wanda ya kama, shi ya sa har yau takardar kuɗi ta gidan waya ke da farin jini a wannan kasuwa. Kowace takarda ba ta wuce dala 1,000. Mai sayarwa yakan jira kuɗi ya shiga hannunsa sosai kafin ya rufe kwali.

Yanzu kuma wa zai ɗauki kayan? A nan ne doka ta ce wani abu, kamfanoni suka ce wani. Dokar tarayya ba ta hana mutum marar lasisi aika bindigarsa kai tsaye zuwa ga dillalin wata jiha ba. Amma tun 1927, zamanin da 'yan fashi da masu fasa-ƙwaurin giya suka addabi birane, majalisa ta hana talaka sa fistol a gidan waya, da hukuncin ɗaurin da ya kai shekara biyu. Doguwar bindiga tana iya bi, ƙarama ba ta bi, don ita ake iya ɓoyewa a jiki. An bar ƙofa ga dillalai da masana'antu su aika wa junansu, bayan sun cika fom mai lamba 1508 sun ba shugaban gidan wayar. Masu fafutukar mallakar bindiga sun kai ƙarar wannan doka kotu a 2025, kuma a watan Janairun 2026 ma'aikatar shari'a ta fitar da ra'ayin cewa haramcin ya saɓa wa tsarin mulki, saboda haka wajibi ne mai aikawa ya tambayi gidan waya ƙa'idar da take aiki a ranar da zai aika. Ko da an buɗe wannan ƙofa gaba ɗaya, dokar 1968 tana nan: in jiha ta bambanta, shagon dillali kwalin zai nufa.

Shekaru da dama, mafitar talaka ita ce kamfanonin ɗaukar kaya, UPS ko FedEx. Yakan je babban ofishinsu, ya shaida musu cewa bindiga ce, ya biya kuɗin jirgin sama na kwana ɗaya. To, kamfanonin biyu sun rufe wannan hanya, FedEx ya fara, UPS ya biyo baya a 2022. Yanzu sai daga mai lasisi wanda ya rattaba hannu a kan yarjejeniya da su suke karɓa. Wasu kan ce ai sai a yi shiru kada a faɗi abin da ke cikin kwalin. Wannan wauta ce mai tsada. In kayan suka ɓace, kamfanin ba zai biya ko sisi ba tunda an karya sharaɗinsa, kuma mutum zai tsaya yana bayanin yadda fistol mai lambar da ta biyo ta hannunsa ta shiga duniya.

Saboda haka a aikace, yawancin masu sayarwa shagon unguwarsu suke zuwa, cinikin ya zama na dillalai biyu. Kafin a fita daga gida, a cire gidan harsashi, a ja saman bindigar baya, a leƙa cikin bututu da ido, a sa yatsa a taɓa, a sake dubawa. Harsashi ko ɗaya ba ya shiga kwalin. Gidan waya ba ya ɗaukar harsashi sam, kamfanonin kuma sai a kwali dabam mai alamarsa. A ɗauki hoton bindigar ta kowane ɓangare, musamman lambarta, domin in mai saye ya ce ta iso da ƙarzuwa, hoton ne shaida. A sa ta a akwatinta na asali in yana nan, a tafi da katin shaida da kofin lasisin dillalin can da sunan mai saye da lambar wayarsa.

Dillalin gida zai rubuta ta a littafinsa na shige da fice: daga wa ta zo, wace masana'anta, wane samfuri, wace lamba, yaushe. Wannan littafi shi ne ƙashin bayan tsarin duka, domin in wata rana aka tsinci bindigar a inda aka yi ɓarna, ta cikin irin waɗannan littattafai ATF ke bin sawunta shago bayan shago. Mai sayarwa ya karɓi rasit mai ɗauke da lambar bindigar ya adana shi kamar takardar gona, don shi ne ke nuna ranar da ta bar hannunsa. Sai a cusa akwatin cikin kwali mai ƙarfi, a cike gefe da takarda ko soso yadda ba abin da zai yi ƙara in an girgiza, a saka takardar da ke nuna wanda za a miƙa wa. Shaguna kan yi ƙorafin kwalin da ya iso babu suna a ciki, bindiga ta kwana makonni a sito ba a san mai ita ba. A waje kuwa, ba a rubuta komai da zai nuna bindiga ce. Doka ma ta hana kamfanin ɗaukar kaya manna irin wannan alama, dalili kuwa ɓarayi ne. Dillalai da yawa ko sunan shagonsu sukan taƙaita shi zuwa haruffa.

A nan kuɗi ke bambanta ƙwarai. Dillalin da ke aikawa ta gidan waya yakan sa fistol a kwalin gidan waya mai farashi ɗaya, kuɗinsa bai cika wuce dala 20 da 'yan kai ba, ya isa cikin kwana biyu ko uku. Wanda ke bi ta UPS kuwa, ƙa'idar kamfanin ita ce fistol ta bi jirgin kwana ɗaya, abin da kan kai dala 60 zuwa 100 ko fiye, gwargwadon nisa. Wannan ne ya sa sau da yawa biyan dillali la'ada ya aika ta gidan waya ya fi arha a kan tsohuwar hanyar da mutum ke kai kayansa da kansa. A ƙara kuɗin sa hannun baligi a wurin karɓa, 'yan daloli ne, da inshora daidai da farashin bindigar. Inshora ita ce abin da ake yawan tsallakewa don a rage dala goma, kuma a ganina ita ce ta ƙarshe da ya kamata a taɓa. In kaya suka ɓace a hanya, dillalin da ya aika ne doka ta ɗora wa sanar da ATF cikin awa 48 bayan ya gano, amma sanarwa ba ta mayar wa kowa kuɗinsa.

In aka haɗa lissafin misalinmu: la'adar dillalin Teksas a ce dala 30, gidan waya da inshora da sa hannu a ce 35, la'adar dillalin Ohayo a ce 35. Dala 100 ke nan a kan bindigar dala 500, kashi ɗaya cikin biyar. Al'adar kasuwa ita ce mai saye ya biya shagonsa, kuɗin aikawa kuma yadda aka shirya. A fayyace wannan a rubuce tun ranar ciniki, har da wanda zai biya kuɗin dawowa in abu ya lalace.

Ga 'yan uwanmu mazauna Amurka da ke aika motoci da durom na kaya gida, wannan hanya a cikin Amurka kaɗai take aiki. Fitar da fistol ƙasar waje sai da lasisin fitarwa na gwamnatin tarayya, kuma dokar bindigogi ta Nijeriya ta 1959 ta sa fistol da libarba cikin haramtattun makamai, waɗanda sai da izinin shugaban ƙasa ake riƙewa. An sha ɗaure mutane a Amurka saboda ɓoye bindiga a kayan da za a kai Afirka ta Yamma.

Da kwali ya isa Ohayo, dillalin can zai rubuta bindigar a nasa littafin, ya kira mai saye. Dole mai saye ya zo da kansa, da katin shaida mai hoto da adireshin jihar, kuma ya kai shekara 21. Aiko ƙane ko aboki ya cika takarda a madadinsa babban laifi ne, wanda dokar 2022 ta ƙara wa hukunci har ɗaurin shekara goma sha biyar in an haramta wa ainihin mai sayen riƙe bindiga. Ya duba bindigar da kyau kafin ya taɓa alƙalami, domin bayan sa hannu ta zama tasa. Sai ya cika fom 4473, ya amsa tambayoyi a kan ɗauri da shan ƙwaya da dukan iyali da matsayinsa na zama a ƙasar. Dillalin zai tura sunansa ga tsarin binciken NICS na hukumar FBI, wanda ya fara aiki a 1998. Amsa uku ce: a miƙa, a dakata, ko a hana. Yawanci cikin mintoci ake samun ta farko. In aka ce a dakata kuma kwana uku na aiki suka wuce babu labari, dokar tarayya ta ba dillali damar miƙawa, amma ba ta tilasta masa ba, kuma shaguna da yawa sun gwammace su jira. Wasu jihohi suna da nasu jinkirin ko da bincike ya fito fes: kwana goma a Kalifoniya, awa 72 a Ilinoi.

In kuwa aka hana, bindiga ta maƙale a shagon Ohayo. Mai saye ba zai taɓa ta ba, matarsa ma ba za ta zo ta karɓa masa ba. Ko dai a bar wa shagon ya sayar ya cire la'adarsa, ko a biya wani kuɗin a mayar da ita ga dillalin Teksas, inda tsohon mai ita zai cika nasa fom 4473, a bincike shi, ya biya la'ada, kafin a miƙa masa bindigarsa.