Tai Chi da Ƙwayoyin Baba

Ina cikin yi wa wani dattijo gashi, wata biyu bayan ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, sai jikansa ya miƙo mini waya. Bidiyon wani malamin kunfu ne cikin fararen kaya, yana yawo da tafin hannu a saman cikin majinyaci ba tare da ya taɓa shi ba, wai yana tura masa "chi" (ba ci na tuwo ba), ƙarfin rai da tsohon likitancin Sin ke cewa yana zagaya jiki. Yaron ya ce, "Likita, in Baba ya koyi wannan, ai sai ya huta da ƙwayoyin hawan jini ko?"

Na ce masa ko da wasa. Amma ban yi watsi da zancen duka ba, don akwai gaskiya a gefensa.

Gaskiyar tana cikin tai chi, wanda asalinsa dabarar faɗa ce, ana danganta ta da gidan Chen na lardin Henan tun ƙarni na 17. A 1956 hukumar wasannin Sin ta taƙaita shi zuwa motsi 24, wanda tsofaffi ke yi da sassafe a lambunan Beijin. Ka lura da su: gwiwa a ɗan lanƙwashe, nauyi na tashi daga ƙafar nan zuwa waccan a hankali, numfashi na bin motsi. Abin da muke koyarwa ke nan a ɗakin gashi, sai dai nasu ya fi kyan gani.

An kuma gwada shi. A Amurka, a 2012, an bi masu cutar karkarwa ta Parkinson su 195 na tsawon mako 24. Waɗanda suka yi tai chi sun fi samun daidaiton tsayuwa, kuma ba su faɗi kamar masu miƙe gaɓoɓi kawai ba. A 2016, a Boston, an kwatanta shi da irin aikinmu a kan mutum 204 masu amosanin gwiwa, sauƙin da aka samu ya zo kusan ɗaya. Ranar da na karanta wannan sai da na ɗan ji kishi. Dalilin sauƙin dai a fili yake: tsokar cinya na ƙara ƙarfi, ƙwaƙwalwa na sake koyon inda ƙafa take, tsoron faɗuwa na raguwa.

Warkar da suga ko sankara ta hanyar kaɗa hannu daga nesa kuwa, wannan kasuwa ce. Sinawa da kansu sun sha ta a shekarun 1980, lokacin da malaman chigong, masu da'awar sarrafa chi, ke cika filayen wasa da majinyata. Haka man shafawarsu na dit da jow, da ake murzawa a kan ƙujewa da targaɗe: wasu haɗin na ɗauke da saiwar aconite mai dafi, ba a sha, ba a sa wa buɗaɗɗen rauni, kuma ba ya ɗora karaya.

Baba dai na nan kan ƙwayoyinsa, safe da dare. Na aro masa motsi biyu daga tai chi, yana yi riƙe da bayan kujera, jikan na tsaye a gefensa na hagu. Makon jiya ya tambaye ni yaushe zai koma yin salla a tsaye. Na ce mu fara da raka'a ɗaya, kusa da bango.