In Babbar Mota Ta Lalace A Ƙasar Hakimi

An rubuta wannan darasi domin Hakimai da malamansu, musamman waɗanda manyan hanyoyi suka ratsa ƙasashensu. Tun da jirgin ƙasa ya iso Kano cikin 1911, aka yi ta ɗauko gyaɗa daga ƙauyuka zuwa tasha, da fari a kan jakuna da raƙuma, daga baya a manyan motoci. Dalar gyaɗa ta zama labari, amma motocin sai ƙaruwa suka yi. Hatsin kasuwar Dawanau, da siminti, da takin zamani, duk a bayansu suke tafiya. Saboda haka ba Hakimin da zai daɗe a kan gado ba a zo an ce masa, "Ranka ya daɗe, ga mota ta mutu a bayan gari" ba.

Abin da ya kamata a fara ganewa shi ne, direban kamfani ba shi da mota, ba shi da kaya. Amana aka ba shi, aka haɗa masa da takardar lodi da ɗan guzuri. In mota ta tsaya, mai kaya yana ƙirga kwanaki, kamfani yana zaton ko an sayar da mai, ko an ƙara kuɗin gyara. Shi kuwa yana kwance ƙarƙashin mota shi da yaronsa, ba shi da shaida sai bakinsa. Sau da yawa abin da ke raba direba da aikinsa ba lalacewar ba ce, rashin takardar da za ta nuna yadda aka yi ne.

Aikin farko na hanya ne. A sa wa tayoyi waigi, a kafa alamar nan mai kusurwa uku can nesa, gaba da baya, yadda mai tahowa zai hango ta tun yana da halin taka birki. Al'adar baza ganye da duwatsu ba ta isa ba, gama da dare ba a ganinsu. Ga shi kuma in an gama gyara akan tafi a bar duwatsun, su jira mai babur. Sai dagaci ya sa a kwashe su. In motar ta tare hanya, a sanar da Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa cikin 1988, ko 'yan sanda. In tankar mai ce, a hana kowa matsowa da wuta ko da jarka, ko da man yana kwarara a ƙasa. An yi asarar rayuka masu yawa a ƙasar nan wajen kwasar man tankar da ta faɗi.

Ba a ce malamin Hakimi ya zama bakanike ba, amma in ya san abu kaɗan ba za a ruɗe shi ba. Birkin manyan motoci da iska yake aiki, kuma an ƙera shi ne yadda in iskar ta zube sai tayoyin baya su kulle da kansu. Don haka in direba ya ce motarsa ba ta turuwa, ba taurin kai yake yi ba. Injin gas kuwa ba ya shiri da ruwa ko datti. In an sha gurɓataccen mai, matatarsa ta toshe, sai mota ta yi ta shaƙewa har ta mutu. In fambel ya tsinke ko lagireto ya huje, inji ya yi zafi. Direban da ya tsaya nan take ya ceci injin ubangidansa. Wanda ya ce bari ya lallaɓa ya kai gari, shi ke ƙone shi. Kada kuma a buɗe lagireto da zafinsa, ruwan cikinsa yakan yi tsiri ya ƙone fuska.

Sa'an nan sai batun kayan gyara, nan ne gardama ta fi yawa. Ƙofar Ruwa tana arewacin birnin Kano, cikin ƙaramar hukumar Dala, kuma kasuwar da ta ci sunanta ta shahara wajen kayan mota da ƙarafa. Daga ƙasashen Hakimai masu nisa akan aiko yaron mota da mataccen ƙarfe a buhu, ya zo ya nemi ɗan'uwansa. Kayan da zai tarar iri uku ne. Akwai sabo na ainihi, mai tsada. Akwai na hannu, wanda aka ciro daga motocin da suka yi aiki a Turai, shi ake kira ɗan Beljiyam, wani lokaci kuwa ya fi sabon banza ƙarko. Akwai kuma jabu, mai kwali irin na ainihi da suna irin na ainihi. Yawancin 'yan kasuwar sukan gaya wa mai saye gaskiya in ya tambaya. Abin lura shi ne, rasitin da aka rubuta "kayan mota" kurum bai faɗi kome ba. Direba ya biya kuɗin na ainihi, a ɗaura masa jabu, bayan mako biyu ya mutu, kamfani ya ce shi ya ci rarar.

Maganin wannan a wurin alƙalami yake. Motocin DAF da MAN da Mercedes da Howo na ƙasar Sin galibi ba sa aron kayan juna, ko iri ɗaya ma yakan bambanta daga shekara zuwa shekara. Saboda haka a kwafe wa ɗan aike lambar jikin mota, wadda a motocin da aka ƙera tun daga 1981 takan zama haruffa da lambobi 17, da lambar da ke jikin mataccen ƙarfen. A rasiti a rubuta sunan abin, da irinsa, sabo ne ko na hannu, da kuɗinsa, da lambar shago. Tsohon da aka cire kada a bar wa bakanike, a mayar wa kamfani. In taya ce, a duba lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: biyun farko mako ne, biyun ƙarshe shekara. Watau 2319 tana nufin mako na 23 na 2019. Taya takan tsufa ko ba ta taɓa hawa kwalta ba.

Tun gyaran ƙananan hukumomi na 1976, da aka rushe En'e, Hakimi ba ya yanke hukunci a irin wannan. Amma har yanzu maganarsa shaida ce. Sai malami ya shigar a littafi: ranar da mota ta tsaya da sa'arta, lambarta, sunan direba da na kamfani, yawan buhunan da takardar lodi ta nuna, da sunayen waɗanda mai unguwa ya sa gadi. In za a juye kaya cikin wata mota, a ƙirga a gaban dagaci, direbobin biyu su sa hannu. Ladan gadi a yanka shi tun daren farko, a rubuta. Ranar tashi a ba direba kwafe mai hatimi, ɗaya kuma ya zauna a ofishin Hakimi, gama kamfani yakan aiko neman bayani bayan wata guda ko fiye.