Koya wa 'Yan Sikawut Dokokin Wasan Tanis

Malamin da aka tura Wurno, ko Rabah, ko Goronyo, aka danƙa masa rundunar 'yan Sikawut, yakan ce ba shi da halin koya musu tanis, don ba fili, ba raga, ba mabugi. Wannan hanzari bai isa ba. Abin da ya wajaba ya fara koyarwa dokoki ne, su kuwa dokoki ba a kanti ake sayensu ba.

Da fari, 'yan'uwa, ku sani asalin wasan nan da tafin hannu ake yinsa a ƙasar Faransa, sai daga baya aka ƙago mabugi. Irin wanda ake yi yau a Ingila aka tsara shi wajen 1874, aka fara gasar Wimbledon a 1877. Bugun ƙwallo da hannu kuwa ba baƙo ba ne a ƙasar Sakkwato. Cikin shekarun 1920 wani malami Bature, Hogben, ya kawo wasan fayif Birnin Kebbi da Katsina, watau wanda ake dukan ƙwallo da hannu a jikin bango. Sardauna Ahmadu Bello, haifaffen Rabah, ya ƙware a kansa a Kwalejin Katsina, inda ya gama a 1931, bai kuwa bar shi ba har ya zama Firimiya. A Arewa kuma da ƙwallon tanis ake buga fayif, don ta Ingila mai tauri takan ɓantare bangon laka. To, ku fara da hannu. Yaron da ya iya tarar ƙwallo da tafinsa, ran da ya sami mabugi ba zai sha wuya ba.

Cikakken fili tsawonsa ƙafa 78, faɗinsa ƙafa 27 in mutum biyu ke karawa, 36 in huɗu ne, raga kuwa ƙafa 3 a tsakiya. Wannan ya fi ƙarfin ɗan shekara goma. Tun 2012 hukumar tanis ta duniya ta wajabta ƙwallo mai laushi a gasar masu shekara goma zuwa ƙasa, ta kuma yarda da ƙaramin fili. Ƙafa 36 da 18 sun isa. Da rani, bayan kaka, a nemi ƙeƙasasshiyar ƙasa mai tauri irin ta gefen fadamar Rima, a share ƙarangiya, a ja layi da toka, a ɗaure igiya tsakanin itace biyu. A guji rairayi, ƙwallo ba ta tashi a kansa.

Ranar farko kada malami ya wuce doka biyu: ƙwallo ta ƙetare igiya ta faɗa cikin filin abokin karawa, shi kuma ya maido ta kafin ta taɓa ƙasa sau biyu. Wanda ya kasa, ɗan'uwansa ya sami maki. Sai mako na biyu a kawo bugun buɗe wasa: mai bugu ya tsaya bayan layin ƙarshe, ya fara daga dama, ya aika ƙwallo a karkace zuwa gurbin da ke kusa da raga. In ya kuskure yana da damar sakewa sau ɗaya tak. Mai karɓa lalle ya bari ta taɓa ƙasa tukuna. Taɓa raga da jiki ko da mabugi asarar maki ce.

Ƙirga ita ke rikita yara, har ma da manya. Ku bar su da ɗaya, biyu, uku, huɗu, sai sun saba, kana a gaya musu sunayen su ne 15, 30, 40, na huɗu ya ci gem. In aka yi 40 da 40, sai wanda ya jera maki biyu ya ci. Gem shida da ratar biyu su ne set guda.

Amma dokar da ta sa nake ganin wasan nan ya dace da Sikawut ita ce ta layi. Inda babu alƙali, kowane ɗan wasa shi ke yanke hukuncin ƙwallon da ta faɗo gefensa. Wadda ta taɓa layi, ko da gefenta ne, ta shiga. Wadda ya yi shakka a kanta, ita ma ta shiga, watau abokin gaba ke cin moriyar shakkar. Ku duba nauyin wannan a kan yaro: ana 30 da 40, abokansa na ihu, ba wanda ya ga inda ƙwallo ta sauka sai shi kaɗai. Baden-Powell, wanda ya kafa Sikawut a 1907, ya sa riƙon amana ya zama dokarsu ta farko. Yara sukan haddace ta kamar aku, amma a bakin layin toka ake gane wanda ya fahimce ta.

Saboda haka kada malami ya yi garajen zama alƙali, ko da ya ga an yi ha'inci ƙiri ƙiri. Ya bari gem ya ƙare, ya kira yaron gefe, su je su duba tabon ƙwallo a kan toka, kada ya kunyata shi gaban 'yan'uwansa. Sauran aiki a bar wa shugaban kowace ƙungiya: yara shida, biyu na karawa, biyu na tsintar ƙwallo, ɗaya na ƙirga da ƙarfi, ɗaya na gyaran layi, a riƙa juyawa bayan kowane gem. Bayan la'asar ya fi, sa'ad da rana ta yi sanyi, a kuma tashi kafin magariba.