Darasin Tattalin Gida: Babbar Waya a Kan Layin Kati, Riba Ce ko Asara?

  

Darasin wannan fitowa tambaya ce ta haife shi. Wata ranar Asabar bayan an tashi daga karatu a Gumel, wata baiwar Allah ta ja ni gefe ta ce, "Malama, kwasar adashina ta kusa, kuma ina da tumaki biyu. Ina so in haɗa in sayi babbar waya irin wadda ake yayi. Maigida ya ce kuɗina ne, amma in yi shawara. Ke me kika gani?" Na ce mata, "Ƙanwata, nawa kike sa wa wayarki ta yanzu na kati da data a wata?" Ta yi shiru, can ta ce wallahi ba ta taɓa lissafawa ba. To, na san ba ita kaɗai ba ce, shi ya sa na ga ya dace mu zauna mu yi lissafin tare.

Yadda tsarin layin kati yake

Wayar salula ta GSM ta shigo Nijeriya a watan Agusta na 2001, lokacin da kamfanonin Econet (wanda ya zama Airtel a yau) da MTN suka fara aiki. Manyanmu za su tuna lokacin da layi kaɗai yake kai naira 20,000 ko fiye, kira kuma naira 50 a minti ɗaya, ko da "salamu alaikum" kawai kika ce. Sai a 2003 da Glo ya zo aka fara cajin kira da daƙiƙa. Tun daga wancan lokaci zuwa yau, kusan dukanmu tsari ɗaya muke bi: ki sa kati tukuna, sannan ki yi kira ko ki sayi data. In ya ƙare, magana ta ƙare.

A ƙasashe irin su Amurka da Ingila akwai wani tsarin daban. Mutum yakan ƙulla yarjejeniya da kamfanin sadarwa na shekara 2 ko 3, su ba shi babbar waya, ya riƙa biyan kuɗin wayar da na kira a haɗe duk wata, wani lokaci har da rangwame a kan farashin wayar. Masu ƙera manyan wayoyi da irin waɗannan masu saye suke lissafi. Mu kuwa masu layin kati, babu wanda zai rage mana ko sisi. Kuɗin wayar duka daga jakarki zai fito lokaci guda, sannan ki ci gaba da ciyar da ita. Wannan shi ne abu na farko da za ki riƙe.

Abin da tsadar waya ba ta saya miki

Na ɗaya, ba ta rage miki kuɗin data. Farashin da za a sayar wa mai wayar naira 100,000, shi za a sayar wa mai ta miliyan. Hasali ma babbar waya ta fi ci, domin hotunanta da bidiyonta sun fi nauyi, kuma tana yawan sabunta manhajojinta a ɓoye in ba ki hana ta ba. Ga shi a watan Janairu na 2025 hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanoni su ƙara farashi har zuwa kashi 50 cikin ɗari. Kin ga wadda ta kwashe duk abin hannunta ta sayi wayar, sai ta wayi gari ba ta da na data, ta koma aron kati, wanda shi ma ana cire wani kaso tun kafin ya shigo.

Na biyu, ba ta kawo miki sabis inda babu. Ƙarfin sabis daga turken kamfani yake zuwa. An fara amfani da 5G a Nijeriya a 2022, kuma da manyan birane aka fara, irin su Legas da Abuja da Kano. Wani kaso na kuɗin babbar waya na wannan fasaha ne. To, 'yar'uwar da ke zaune a ƙauyen Gagarawa ko Sule Tankarkar, wadda sai ta fito tsakar gida ta ɗaga hannu kafin saƙo ya tafi, me za ta yi da shi? Kafin ki biya kuɗin abu, ki tabbatar ya iso unguwarku.

Na uku, ba ta kawo wuta. Ba mu manta da watan Oktoba na 2024 ba, lokacin da yawancin jihohin Arewa suka yi kwana da kwanaki cikin duhu saboda lalacewar manyan layukan lantarki. A irin wannan hali batir mai jimiri shi ne sarki, kuma da yawa daga matsakaitan wayoyi irin su Tecno da Infinix da itel an yi su da babban batir, domin kasuwar Afirka aka nufa da su. Sannan ki yi tunani, ranki zai kwanta ki ba yaro wayar miliyan ya kai shagon caji, inda ake jera wayoyi da yawa a kan tebur ɗaya?

Akwai kuma zafi. Kamfanin Apple da kansa ya ce wayoyinsa an yi su ne su yi aiki a yanayin da bai wuce digiri 35 ba, mu kuwa a bazara ƙasar Gumel takan haura 40. Zafi yana tsofar da batir, na mai tsada da na mai araha. Bambancin shi ne kuɗin canjawa. Haka in sikirin ya fashe: na matsakaiciyar waya mai gyara na kusa zai iya samo shi, na babba kuwa sau da yawa sai an aika Kano, kasuwar Farm Centre ko Titin Beirut, kuma kuɗinsa kaɗai yakan isa sayen wata sabuwar waya.

Mu yi lissafi

Lokacin da aka fitar da iPhone 16 a watan Satumba na 2024, farashinta a Amurka ya fara ne daga dala 799. A shekarar 2024 dala ta haura naira 1,500, bayan sakin darajar naira da aka yi a watan Yuni na 2023. Wato kusan naira 1,200,000 ke nan, tun kafin ɗan kasuwa ya ɗora kuɗin jigila da ribarsa. Mafi ƙarancin albashi da aka sa wa hannu a watan Yuli na 2024 naira 70,000 ne. Ma'aikacin da ke ɗaukar wannan sai ya tara albashin wata 17 cur, bai ci ba bai sha ba.

Ga hanyar da za ki auna kowace waya. Ki ɗauki kuɗin saye, ki cire abin da kike sa ran za ki sayar da ita nan gaba, ki raba abin da ya rage da adadin watannin da za ki riƙe ta. Alƙaluman da ke tafe misali ne kawai, ke sai ki sa farashin da kika tarar a kasuwa.

A ce waya ta farko naira 1,200,000 ce, kin riƙe ta shekara 3, wato wata 36, kin sayar 500,000. Abin da ya tafi 700,000, kusan 19,400 ke nan duk wata. A ce ta biyu 180,000 ce, bayan shekara 3 kin sayar 40,000. Abin da ya tafi 140,000, kusan 3,900 duk wata. Tsakaninsu akwai fiye da naira 15,000 a kowane wata, kuma ba mu sa kati da data ba. Wannan ma in wayar ta kai shekara ukun lafiya ke nan, ba ta faɗa randa ba, yaro bai buga ta da ƙasa ba, ba a zare ta daga jaka a gidan biki ba.

Yanzu sai ki tambayi kanki: wane aiki ta farko take yi mini wanda ya kai 15,000 a wata, da ta biyu ba za ta yi ba? Kira, WhatsApp, tura kuɗi, sauraron karatu, aikin makarantar yara, duk ta biyu tana yi. Sannan ki dubi naira 1,020,000 da ke tsakanin farashinsu. Duk wadda ta san kasuwar Maigatari ta ranar Alhamis ta san abin da wannan kuɗi zai yi a wajen dabbobi, ko a sayen riɗi da zoɓo lokacin kaka. Tunkiya tana haihuwa, ita kuwa waya tun ranar da aka ɓare kwalinta farashinta yake sauka.

Adalci ga babbar waya

Kada mu tauye mata haƙƙi. Kyamararta ta fi kyau, musamman da dare. Ba ta saurin yin nauyi, kuma tana riƙe daraja a kasuwar 'yan hannu fiye da ƙananan. Masu ita suna daɗewa suna sabunta mata manhaja: Samsung ya yi alkawarin shekara 7 ga jerin Galaxy S24 da ya fitar a 2024. Kuma gaskiya ne araha ba ta ado. Waya mai matuƙar araha wadda ma'ajiyarta ke cika cikin wata biyu, tana maƙalewa ana tsaka da tura kuɗi, ita ma asara ce, domin sau biyu za ki saya.

Saboda haka 'yar'uwar da sana'arta ta dogara da hoto, kamar mai sayar da atamfa da leshi ko mai lalle da kwalliya da ke samun masu saye ta intanet daga Dutse da Kano, tana da hujjar ƙara kuɗi a kan kyamara. Sharaɗin dai shi ne ribar sana'ar ce za ta biya, a bar uwar kuɗi ta ci gaba da juyawa.

Hattara da ta hannu

Da yawa sukan ce, "To, ai sai in sayi 'yar Landan." Ba laifi, amma ki kula da abubuwa huɗu. Akwai wadda aka kulle a kan layin wani kamfani na waje, ba ta karɓar sim ɗinmu. Akwai samfurin Amurka na iPhone, daga 14 zuwa sama, da ba shi da gurbin sa sim ko kaɗan, sai wanda ake ɗorawa ta manhaja. Wannan matsala ce ga mutanen bakin iyaka irin Maigatari, inda wasu ke riƙe layin Nijeriya da na Nijar. Akwai wadda ta tsufa: a 2025 WhatsApp ya daina aiki a kan iPhone 5s da 6 da 6 Plus. Akwai kuma ta sata. Kada ki saya sai da rasit, kuma a buɗe ta a gabanki ko gaban wanda kika aika, a sa sim a yi kira, a duba lafiyar batir.

Maganar biya kaɗan-kaɗan

Yanzu an samu masu ba da waya a biya a hankali, kuma da yawansu suna kulle wayar daga nesa in an makara. A nan addini ya shigo. Jumhurun malamai sun halatta sayar da kaya bashi a kan farashin da ya fi na kuɗi hannu, matuƙar an yanke farashi ɗaya tun wajen ciniki. Amma idan wani kamfani ne ya ranta miki kuɗin zai karɓi fiye da abin da ya bayar, ko kuma bashin yana ƙaruwa duk lokacin da aka yi jinkiri, to wannan riba ce da shari'a ta hana. Ki sa a karanta miki takardar duka, ki tara jimillar abin da za ki biya, in kin yi shakka ki tambayi malami kafin ki sa hannu. Tsalle ɗaya ake yi a faɗa rijiya.

Mu kuma faɗa wa kanmu gaskiya. Sau da yawa abin da ke tura mu shi ne an gani a hannun kishiya, ko facala, ko an sa a lefen 'yar maƙwabta. Har ta kai wasu iyaye mata suna gindaya wa mai neman aure samfurin wayar da zai sa a akwati, yaro ya shiga bashi tun kafin a ɗaura. Aya ta 67 a Suratul Furƙan ta yabi masu tsayawa tsaka-tsaki wajen kashe dukiya, tsakanin ɓarna da ƙwauro. Wadda Allah ya hore wa, ta sauke haƙƙoƙin da ke kanta, ta sayi abin da take so da halaliyarta, ba mai zarginta. Ke dai kada ki daka rawar wata ki rasa turmin daka taki.

Aikin gida

Kafin fitowa ta gaba, kowace ta yi waɗannan:

1. Ki sami ɗan littafi ki rubuta duk kati da data da kika saya na tsawon wata guda, har da na aro.
2. Ki rubuta ayyuka biyar da kika fi yi da wayarki, ki sa alama a kan wanda wayar yanzu ta gaza yi.
3. Ki duba saman sikirin ɗinki a cikin ɗakinki, ki ga ko 3G yake nunawa ko 4G, da safe da kuma dare.
4. Ki shiga saitin waya ki hana bidiyo da hotunan guruf-guruf sauka da kansu, ki ga ko datarki za ta ƙara kwana.
5. In har sayen ya zama dole, ki yi lissafin wata-wata da muka koya, ki nuna wa maigida ku duba tare.

Ita ƙanwar tawa da ta yi tambaya, mun zauna mun yi wannan lissafi a bayan littafin karatunta. Da muka duba, matsalar wayarta biyu ce: batir ya mutu, ma'ajiya ta cika. Na ba ta shawarar ta nemi matsakaiciya mai babban batir da gurbin sim biyu daga cikin kuɗin adashin, ta bar tumakinta su haihu. Ta ce za ta je ta yi tunani, ni kuma na ce Allah ya zaɓa mata mafi alheri.

Allah ya sa albarka a cikin abin da ya hore mana, ya raba mu da bashin da ba mu iya biya. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.